Zaren Alharini da Wayar Tagulla

A yau ɗan firamare yakan haɗa batir da ƙwan fitila, ya sa cokali a tsakani fitila ta kama, ya sa magogin roba ta ƙi kamawa. Malami ya ce masa ƙarfe yana ɗaukar lantarki, roba kuwa tare shi take yi. Wannan darasi na rabin sa'a bai cika shekara 300 da samuwa ba, kuma wanda ya fara gano shi ba shehun malami ba ne, marini ne.

Sunansa Stephen Gray, an haife shi a Kantabari ta ƙasar Ingila a 1666. Tsufa ya same shi ba dukiya, yana zaune a Charterhouse, wani gida a Landan da ake ajiye dattawan da hali ya ƙare musu. A zamanin babu batir. Mai son lantarki sai ya goga bututun gilashi har ya riƙa jawo gashin tsuntsu.

A 1729 Gray da abokinsa Granville Wheler suka ɗaura doguwar igiya a bakin bututun, suka rataye ta da zaren alharini, sai ga lantarki ya bi ta har ƙarshe. Zatonsu sirantakar zaren ce ta hana lantarkin zurarewa. Da suka ƙara tsawo, nauyi ya tsinke alharinin, suka musanya shi da wayar tagulla, ita ma siririya. Shiru, ko gashi ɗaya bai motsa ba. Tagullar ta kwashe lantarkin. A nan suka gane ashe ba kauri ne abin dubawa ba, irin abin ne. Suka koma wa alharini, lantarki ya yi tafiyar ƙafa 765. Robar da ke jikin wayar gida a yau aikin wancan zaren take yi.

A 1730 Gray ya rataye wani yaro a kwance, bai taɓa ƙasa ba, ya kusanto da bututun ga ƙafafunsa. Ɓarɓashin tagulla ya taso ya nufi fuskar yaron. Wato jikin ɗan Adam ma hanyar lantarki ne, abin da ya sa ake kwaɓar yara kada su taɓa waya tsirara.

Ƙungiyar masana ta Royal Society ta ba Gray lambar Copley ta farko a 1731. Ya rasu a 1736.