Daidaita na'urar gano iskar gas mai kama wuta

Daidaita na'urar gano iskar gas mai kama wuta aiki ne na gwada na'urar da iskar da aka riga aka san yawanta, sannan a gyara ma'auninta har ya nuna adadin da yake daidai. Ana amfani da irin wannan na'ura a gidajen mai, wuraren ɗura gas na girki, masana'antu da ma'adanai. Na'urar da ba a daidaita ba tana iya yin shiru alhali gas yana yoyo, har wuta ta tashi.

Tarihi

A 1815 Humphry Davy ya ƙirƙiro fitilar kariya ta masu haƙar kwal a Ingila, wadda harshen wutarta ke sauyawa idan akwai iskar metan. A shekarun 1920 Oliver Johnson ya ƙera na'urar awo ta lantarki a Amurka, domin bincika tankokin mai.

Ma'auni

Gas ba ya kama wuta sai yawansa a cikin iska ya kai wani mataki da ake kira mafi ƙarancin iyakar fashewa, wanda ake taƙaitawa da LEL. Ga metan kusan kashi 5 ne cikin 100 na iska, ga furofan kashi 2.1, ga butan kuwa kusan kashi 1.8. Na'urar tana nuna yadda aka kusanci wannan iyaka, kuma galibi ana saita ƙararrawarta ta yi kuka a kashi 10 ko 20 cikin 100 na iyakar.

Matakan daidaitawa

Da farko ana kunna na'urar a wuri mai tsabtatacciyar iska, a bar ta ta ɗumama, sannan a mayar da ma'aunin kan sifiri. Daga nan sai a haɗa ta da ƙaramar tukunyar gas na gwaji ta hanyar tiyo. Gas ɗin da aka fi amfani da shi shi ne metan kashi 2.5, wato rabin iyakar fashewa, ana sakin sa kusan rabin lita a minti ɗaya. Idan lambar ta tsaya cak, sai a gyara ta ta dace da abin da aka rubuta a jikin tukunyar. A ƙarshe ana rubuta ranar aikin da sakamakonsa. Ba a amfani da gas na gwaji da wa'adinsa ya ƙare. Inda ake sayar da gas na girki, wanda haɗin furofan da butan ne, ya fi kyau a daidaita da ɗayansu.

Akwai kuma ɗan gajeren gwaji da ake yi kafin fara aiki kullum, don a tabbatar ƙararrawa tana kuka. Wannan ba ya maye gurbin cikakken daidaitawa, wanda ake yi bisa lokacin da kamfanin da ya ƙera na'urar ya ƙayyade.

A arewacin Najeriya

A garuruwan kan iyaka irin su Amarawa da ke ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato, daura da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, yanayi kan takura wa na'urar. Ƙurar hunturu tana toshe matatarta, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Tururin silikon, darma da farar wuta su ma suna kashe ƙarfin na'ura mai aiki da ƙona gas, ba tare da wata alama ta fito ba. Saboda gas na girki ya fi iska nauyi, ana kafa na'urarsa kusa da ƙasa.

Haɗarin yoyon gas sananne ne a yankin. A watan Janairun 2020, fashewar gas a wani shagon ɗura tukwane a Sabon Tasha, Kaduna, ta hallaka mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba wuraren sayar da gas lasisi a Najeriya.