Wa Ke Tallafar Ƙungiyoyin Gama-kai? Tarihin Bankin Manoma a Taƙaice

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar gama-kai a nan Herwagana ya san inda gizo ke saƙar. Da damina ta kawo kai, kowa na neman rancen taki a lokaci ɗaya, asusun kuwa ba ya iya ɗauka. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi ke buƙatar babban banki a bayansu, mai tara rarar kuɗin wasu ya ranta wa masu buƙata.

Dokar gama-kai ta farko a Najeriya ta fito a 1935, zamanin Turawa. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta buɗe Bankin Manoma, hedikwatarsa a Kaduna, sannan a 1978 aka ƙara masa aikin ba ƙungiyoyin gama-kai rance, ya zama NACB. A 1990, lokacin Babangida, aka kawo bankunan al'umma, aka kuma kafa hukumar NBCB ta riƙa kula da su. A 2000 aka haɗe NACB da People's Bank da shirin FEAP. Sabon tsarin Babban Bankin Najeriya na 2005 ya mai da bankunan al'umma bankunan ƙananan rance, a 2010 kuma Bankin Manoma ya ɗauki sunan da muka sani yau, BOA.

Ku lura da abu ɗaya: Bankin Manoma gwamnati ce ta kafa shi. Shekara da shekaru hannun jarin BOA na Ma'aikatar Kuɗi ne da Babban Banki, ƙungiyoyi ba su da kaso. Shi ya sa da yawa suka ɗauki rancen a matsayin rabon gwamnati, ba a biya, asusu ya yi ta ramewa.

A Jamus ba haka abin yake ba. Bankin DZ da ke Frankfurt, uwar bankunan gama-kai na ƙasar, mallakar ƙananan bankunan ne da kansu. Mai kaya kuwa shi ke tsaron kayansa.

To, ina mafita gare mu a Gombe? Ƙungiyoyinmu su yi rajista, su gyara littattafan kuɗi, su haɗu a inuwa ɗaya mai asusu nata. Masu guje wa kuɗin ruwa ma suna da hanya, tunda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Allah ya sa mu dace.