Ƙirar kumbon almara a kwamfuta

Ƙirar kumbon almara a kwamfuta aiki ne na zanawa da gina siffar jirgin sararin samaniya wanda babu shi a zahiri, a cikin manhajar kwamfuta, ta yadda zai samu tsawo da faɗi da kauri, a iya juya shi a dube shi ta kowane ɓangare. Ana amfani da irin waɗannan kumbuna a finafinan almarar kimiyya da shirye-shiryen talabijin da wasannin kwamfuta. A da galibi manyan kamfanonin fim ne ke iya wannan aiki saboda tsadar na'urori. Yanzu akwai manhajoji na kyauta, har matasa a Arewacin Najeriya sun shiga fagen.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta da hannu ake ƙera kumbunan fim. Wanda ya fi shahara shi ne Enterprise na shirin Star Trek, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966. Matt Jefferies, wanda ya yi aikin jirgin saman yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne ya zana shi. Ya nisanta injinan daga jikin kumbon saboda a ganinsa inji mai ƙarfi haka yana da haɗari ga mutanen ciki. An ƙera samfurin a 1964 da katako da roba da ƙarfe, tsawonsa ƙafa 11, kuma tun 1974 yana hannun gidan tarihin Smithsonian da ke Washington.

A 1975 George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic don aikin fim ɗin Star Wars, wanda ya fito a 1977. Maƙeran kamfanin sun riƙa ɓalle ƙananan sassa daga kayan wasa na tankokin yaƙi da jirage suna mannawa a jikin kumbuna. Wannan ya sa ɗan ƙaramin samfuri ya riƙa bayyana a majigi kamar ƙaton gini, kuma masu ƙira a kwamfuta sun gaji dabarar.

Fim ɗin The Last Starfighter na 1984 yana cikin na farko da aka gina kumbunansa a kwamfuta, da babbar na'ura mai suna Cray X-MP. A 1993 kamfanin Foundation Imaging ya yi kumbunan shirin Babylon 5 da ƙananan kwamfutocin Amiga da manhajar LightWave, aikin da ya samu lambar yabo ta Emmy. Wannan ya nuna cewa ba sai da babbar na'ura ake yin aikin ba.

Matakan aiki

Ana farawa da zane a takarda ko a allon kwamfuta. Mai zane yana yanke shawara kan aikin kumbon, na yaƙi ne ko na dakon kaya ko na bincike, da yawan mutanen da zai ɗauka da kuma tsawonsa. Sai ya zana shi ta gaba da ta gefe da ta sama. Ana so a gane kumbo ko da inuwarsa kawai aka gani.

Daga nan sai a shiga manhaja a jera manyan sassa da siffofi masu sauƙi kamar akwati da ƙwallo da bututu, don a ga ko sassan sun dace da juna. Kowace siffa a kwamfuta raga ce ta ɗigo-ɗigo da layuka suka haɗa, kuma filin da ke tsakanin layukan shi ake kira poligon. Akwati, alal misali, yana da ɗigo 8 da layi 12 da fuska 6. Mai ƙira yana yankawa da miƙawa da lanƙwasa waɗannan fuskoki har siffar ta fito. Tun da yawancin kumbuna dama da hagunsu ɗaya ne, rabi kawai ake ginawa, manhaja ta kwafi ɗaya rabin kamar madubi.

Mataki na gaba shi ne ƙananan kayan jiki: tagogi, ƙofofi, eriya, bututu da layukan da faranti ya haɗu da faranti. Waɗannan ne ke nuna wa mai kallo girman kumbo. Idan ya ga taga, yakan kwatanta ta da tsayin mutum, daga nan ya ƙiyasta sauran jikin. Taga mai girma fiye da kima takan sa kumbo mai tsawon kilomita ya koma kamar motar haya.

Bayan an gama siffa sai a shimfiɗa fuskokinta a fili ɗaya, kamar yadda tela ke shimfiɗa yadi kafin ya yanka, a zana launi da rubutu da lamba a kai. A nan ake ƙara ƙuna a bakin inji da karce da daushewar fenti, domin kumbon da ya yi tsaf da yawa yakan fito kamar abin wasa. Ana kuma gaya wa manhaja wane sashe ne ƙarfe mai sheƙi, wane ne gilashi, wane ne ke ba da haske.

A ƙarshe ana dasa fitila da kyamara na cikin manhaja, kwamfuta ta lissafa yadda haske ke sauka a kowane sashe ta fitar da hoto. A sararin samaniya babu iskar da za ta watsa haske, don haka inuwa takan yi baƙi ƙirin; masu fim sukan ƙara ɗan haske don a ga jikin kumbon.

Nauyin aiki a kan na'ura

Yawan poligon yana ƙara kyau, yana kuma ƙara wa kwamfuta nauyi. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato fitowa mai daƙiƙa 10 tana buƙatar hoto 240. Idan kowane hoto ya ci minti 5, aikin zai ɗauki awa 20. A wasannin kwamfuta kuwa dole hoto ya fito nan take, shi ya sa ake rage poligon, a zana ƙananan kayan jiki a matsayin hoto mai yaudarar ido, sannan a tanadi samfuri mai sauƙi da za a nuna idan kumbon ya yi nisa.

Manhajoji

Manyan kamfanoni suna amfani da manhajojin kuɗi irin su Maya da 3ds Max na kamfanin Autodesk. Blender kuwa kyauta ce. Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ne ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe, masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai aka fanso ta, aka sake ta ga kowa a watan Oktoba na 2002. Ana iya bin dukkan matakan da aka ambata a cikinta.

A Arewacin Najeriya

Misalin da ya fi fice shi ne ƙungiyar The Critics Company ta Kaduna, wadda wasu matasa 'yan'uwan juna suka kafa. Sun koyi aikin daga darussan YouTube, suna ɗaukar fim da wayar hannu da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya, sannan su haɗa hotunan da abubuwan da suka gina a Blender. Ana amfani da koren ƙyalle ne domin manhaja ta cire launin ta sa wani hoto a madadinsa, ta haka ɗan wasan da ke tsaye a tsakar gida zai bayyana a wata duniya. Ɗaya daga cikin finafinansu shi ne Z: The Beginning.

Labarinsu ya bazu a duniya a 2019, kuma mai shirya fim Kemi Adetiba ta taimaka wajen tara musu kuɗi. A 2020 J. J. Abrams, daraktan Star Trek na 2009 da Star Wars: The Force Awakens na 2015, ya aiko musu da kayan aiki. Matsalar wutar lantarki da ta intanet ta sa finafinansu na farko gajeru ne, ba su cika wuce minti 10 ba.

Waɗannan matsaloli biyu su ne ke gaban mai koyo a ƙananan garuruwa irin su Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a Jihar Jigawa, duk da cewa Kazaure da ke kusa tana da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Masu ƙaramar kwamfuta sukan rage girman hoto da yawan poligon, su kuma sa manhaja ta adana kowane hoto daban, ta yadda idan an ɗauke wuta za a ci gaba daga inda aka tsaya. Ƙwarewar da ake samu a ƙirar kumbo ita ce ake amfani da ita wajen zanen gine-gine da tallace-tallace da ƙirar sassan inji.