Gado Daga Iyaye Da Yawa a Shirya Manhaja

A fannin shirya manhaja, gado shi ne aji ya ɗauki bayanai da ayyukan wani ajin ba tare da an sake rubuta su ba. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ne suka shigo da shi cikin yaren Simula 67 a Oslo ta ƙasar Norway, kuma a nan kowane aji uba ɗaya gare shi.

Tsarin Flavors na jami'ar MIT ya buɗe ƙofar gado daga iyaye da yawa wajajen 1980, ya kuma kawo miksin, wato ƙaramin aji da ake cuɗawa cikin wasu don ƙara musu aiki guda. Yaren C++ ya karɓi irin wannan gado a 1989.

Sai dai abin ya zo da rigima. A ɗauka ana shirya wa Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi manhajar rajista. Ajin Ɗalibi da ajin Ma'aikaci duk sun gaji ajin Mutum, sai ga malamin da ke karatun digiri na biyu, ya gaji dukansu. Sunansa sau ɗaya za a ajiye ko sau biyu? In kowane aji na da tasa hanyar buga katin shaida, ta wa za a bi? Wannan ita ce matsalar daimon, saboda siffar zanenta. C++ ya bar wa mai rubutu ya raba gardamar da kansa, nauyin da ya wahalar da ƙwararru ma.

Java, da ya fito a 1995, ya haramta gado daga iyaye da yawa. Aji ya tsaya ga uba ɗaya, amma yana iya ɗaukar intafes ko nawa, wato jerin ayyukan da ya yi alkawarin cikawa. Python kuwa bai hana ba. Tun 2003 yake jera iyaye bisa ƙa'idar C3, wanda ya zo gaba shi ake bi.

Haramcin Java bai ɗore yadda aka kafa shi ba. A 2014 Java 8 ya yarda intafes ya ƙunshi aikin da aka riga aka rubuta, kusan miksin ke nan. Abin da har yau bai yarda da shi ba shi ne aji ya gaji ma'ajiyar bayanai daga iyaye biyu.