OpenSSL: Dalilin da ya sa masu gwajin tsaro ke harhaɗa shi daga tushe

OpenSSL manhaja ce ta ɓoye bayanai wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita wajen kare saƙonnin da ke kai-komo tsakaninsu da masu ziyartarsu. An kafa ta a 1998 bisa wani tsohon aiki mai suna SSLeay, an rubuta ta da harshen C, kuma asalin rubutunta a buɗe yake ga kowa.

Galibin kwamfutocin Linux kan zo da OpenSSL a shirye. Masu gwajin tsaro kuwa sukan sauko da asalin rubutun su harhaɗa shi da kansu, wato su mayar da shi manhajar da na'ura za ta iya gudanarwa. Aikin ba shi da tsawo: ana buƙatar Perl da manhajar harhaɗa C, sai umarnin Configure, da make, da make test.

Hikimar tana wurin Configure, domin a nan ake zaɓar abin da zai shiga. Sababbin fitowar OpenSSL sun rufe tsofaffin hanyoyin ɓoyewa masu rauni, irin su SSL 3.0 da RC4. Wanda ke son tabbatar ko wani shafi yana karɓar su har yanzu, dole ya sami manhajar da ta san su, don haka yakan buɗe su da zaɓin enable-weak-ssl-ciphers da makamantansa.

Zaɓin enable-asan ya fi muhimmanci. Shi ke sanya AddressSanitizer, mai tsayar da manhaja nan take idan ta karanta wurin da bai kamata ba a ma'ajiyar kwamfuta. Irin wannan kuskuren ne Heartbleed, wanda aka bayyana ranar 7 ga Afrilu, 2014, bayan ya shafe shekara biyu a cikin fitowar 1.0.1. Ta hanyarsa ɓarawo na iya kwasar har kilobait 64 a kowace buƙata, har da kalmomin sirri. A 2015 mai bincike Hanno Böck ya nuna cewa da an haɗa AddressSanitizer da gwajin jefa wa manhaja gurɓatattun saƙonni, da an iya gano shi.

Manhajar da aka harhaɗa haka ta ɗakin gwaji ce kawai. Ana ware mata wurinta da zaɓin --prefix, domin idan ta maye gurbin ta asali, sauran manhajojin da ke dogaro da ita za su gaji rauninta, wasu ma su daina aiki.