Ƙwallon da ya ɓata: dokar golf da ta shekara 280 tana cin mutane

1/ Jama'a, yau zaren namu na golf ne, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Na san za ku ce wasan masu kuɗi ne, ina ruwanmu. Ku dai biyo ni. Akwai wata doka a cikinsa da aka rubuta tun 1744, an yi ta ƙoƙarin sassauta ta, ta ƙi mutuwa. 🧵

2/ Yadda na san ta: ina yaro na ɗan yi ɗaukar jakar sanduna a wani filin golf a Kaduna. Wata rana maigidan da nake bi ya buga ƙwallo ya faɗa cikin ciyawa. Muka nema har muka gaji. Ya juya ya koma inda ya fara, yana ta zuba min faɗa wai ban sa ido ba. Ranar ko sisin kyauta ban gani ba.

3/ Abin da ya ɗaure min kai shi ne komawar. Me zai hana ya ajiye wani ƙwallon a nan inda muke tsaye ya ci gaba? Sai da na girma na gane amsar tana da tarihi.

4/ Ga dokar a taƙaice. A golf mai ƙarancin bugu ne ke cin wasa. Idan ƙwallonka ya ɓata, ko ya tsallake iyakar fili, wato bayan fararen turakun nan da ake kafawa, za a ƙara maka bugu ɗaya na tara, kuma dole ka koma inda ka yi bugun. Kenan in bugunka na farko ne ya ɓata, wanda za ka sake shi ne na uku, kuma ko taku ɗaya ba ka matsa ba. Bulala biyu a laifi ɗaya.

5/ Mu koma 1744, garin Leith da ke gefen Edinbura a Sukotland. Hukumar birnin ta ba da sandar azurfa a yi gasa a kanta, sai 'yan wasan suka rubuta dokoki 13. Su ne rubutattun dokokin golf mafi tsufa da ake da su. Ta takwas ta ce wanda ƙwallonsa ya ɓata, ko wani ne ya ɗauke ko ta wace hanya ce, ya koma inda ya buga, ya jefa wani, ya bar wa abokin karawa bugu ɗaya.

6/ Ku lura da "wani ya ɗauke". Filin Leith ba killatacce ba ne, filin gari ne, kowa na ratsawa. Kuma ƙwallon lokacin abin sata ne: fata ake ɗinkewa, a cusa mata dafaffen gashin tsuntsu har ta yi tauri. Ƙwararren mai sana'ar bai wuce ya yi uku ko huɗu a yini ba, shi ya sa ƙwallo ɗaya kan kai tsadar sanda. Wanda ya rasa ƙwallo a 1744 ya yi asarar kuɗi, sannan doka ta zo ta ƙara masa.

7/ Ɗan ratse, don labarin ya yi min daɗi. Wanda ya sa hannu a dokokin kuma ya ci gasar farko likitan fiɗa ne, John Rattray. Shekara ɗaya bayan nan ya shiga tawayen da aka yi wa sarautar Birtaniya, aka kama shi bayan yaƙin Culloden a 1746. Wani babban alƙali, Duncan Forbes, abokin wasansa na golf, shi ya sa baki aka sake shi. Hanya dai ba yau aka fara ta ba. 😅

8/ Sai wata matsalar: har yaushe za a yi ta nema? Mutum zai iya shafe rabin awa yana tona ciyawa, na bayansa na jira. A 1783 'yan golf na Aberdeen suka yanka minti biyar. Minti biyar ɗin nan ya rayu fiye da shekara 230, sai a 2019 aka mayar da shi minti uku. In lokaci ya cika, ko ka ga ƙwallon daga baya, a doka ɓatacce ne.

9/ Akwai ma zamanin da hukuncin ya fi haka zafi. A ƙarshen ƙarni na 19, in ana wasan da ake lissafi rami-rami, wanda ya rasa ƙwallo ya rasa ramin gaba ɗaya. Babu wani koma ka sake.

10/ Maganar fita iyaka kuwa daga baya ta shigo. A dokokin 1899 na ƙungiyar R&A ta St Andrews aka fayyace ta, kuma da sauƙi aka fara: ka koma ka sake bugu, babu ƙarin tara. A 1920 aka ɗora tarar. A 1950 R&A ta cire. A 1952, da ita da hukumar golf ta Amurka suka haɗa doka ɗaya, aka dawo da ita. A 1960 Amurkawa suka sake cirewa, shekara na zagayowa suka mayar. Kamar mai gwada hula a kasuwa, a sa a cire, ƙarshe a koma kan ta farko.

11/ To me ya sa kullum ake dawowa? Ga fahimtata. In ƙwallo ya faɗa ruwa, yawanci an ga inda ya tsallaka, sai a ce jefa wani a nan kusa, tara ɗaya. Amma ɓataccen ƙwallo ba wanda ya san inda yake. In ka ce wa ɗan wasa ya ajiye a inda yake zato, wallahi zatonsa ba zai taɓa faɗawa cikin ƙaya ba, kullum kan lallausar ciyawa zai sauka. Wuri ɗaya ne ba gardama a kansa: inda ya tsaya ya buga.

12/ Sannan in ɓata ya yi arha, neman ma ba za a yi da gaske ba. Wanda ya san ƙwallonsa na ƙarƙashin kurmi, gara masa ya ce bai gani ba. Na ga manya suna irin wannan neman, ido na kallon sama.

13/ Kada ku ɗauka 'yan koyo kaɗai take ci. Yuli 2019, gasar Open ta koma Royal Portrush a Ayalan ta Arewa, karo na farko tun 1951. Rory McIlroy ɗan ƙasar ne, yana shekara 16 ya taɓa gama filin nan da bugu 61. Duk gari an fito dominsa. Bugunsa na farko a gasar ya karkata hagu ya fita iyaka. Ramin da ake sa ran gamawa da bugu 4, shi 8 ya yi. Ya tashi ranar da 79. Washegari ya yi 65, amma bugu ɗaya tak ya hana shi tsallakawa zuwa kwana biyun ƙarshe. Ku lissafa abin da farin turke ya ci masa.

14/ Sauƙin da ake da shi biyu ne. Na farko ƙwallon ko-ta-kwana: in kana shakka, ka faɗa wa abokan wasa a fili, ka buga wani kafin ka tafi nema. In na farkon ya samu cikin fili ka ci gaba da shi, in bai samu ba ka huta da tattakin komawa. Na biyu, tun 2019 kulob na iya yarje wa masu wasan nishaɗi su jefa ƙwallo a gefen shararriyar ciyawa, daidai inda na farko ya ɓata, amma tarar bugu biyu ce. Wato tafiyar kawai aka yafe, lissafin na nan. A gasar ƙwararru kuwa ba a amfani da wannan.

15/ Shi kuma ƙwallon maigidan nan nawa, da yamma bayan an watse na koma na same shi a gindin wata ƙaya, bai fi taku goma daga inda muka tsaya ba. Bayan kwana biyu wani abokina ya sayar masa da shi, bai ma gane nasa ba ne.