Hadda da Tantancewa: Nazari kan Salon Koyarwa da Ingancin Dimokuraɗiyya a Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alaƙar salon koyarwa da ingancin dimokuraɗiyya a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta dogara ga manufofin ilimi na ƙasa da al'amuran yankin wajen nuna cewa hadda tana zama illa ne idan aka tsaya a kanta, babu fahimta babu tambaya.

1.0 Gabatarwa

Tun a 1916 John Dewey ya nuna cewa dimokuraɗiyya tarbiyya ce da ake soma koyo a makaranta, daga baya kuma Paulo Freire ya soki koyarwar da ke mayar da ɗalibi ma'ajiyar maganar malami. Nijeriya ta faɗaɗa shiga makaranta da shirin UPE na 1976 da dokar UBE ta 2004, amma yawan ɗalibai bai amsa tambayar irin tunanin da aji ke ginawa ba.

2.0 Tsakanin Kara da Aji

Mutanen wannan yanki ba su rasa basirar tantancewa ba. A karar Maigatari, ranar Alhamis, mai saye ba ya wadatuwa da yabon dillali: sai ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya lissafa canjin naira da sefa, sannan ya taya. Amma a aji da yawa, malami zai rubuta ma'anar dimokuraɗiyya da Turanci a allo, yara su yi ta maimaitawa da murya ɗaya, su kwafa, su juye ta ranar jarrabawa. Cunkoson aji da baƙon harshe da jarrabawar da ke neman amsa guda su ne ke tura malami ga karatun aku. Sakamakon shi ne yaro ya saba ɗaukar duk abin da ya fito daga bakin na sama a matsayin gaskiyar da ba a bincika.

3.0 Tasiri ga Dimokuraɗiyya

Rayuwar yankin ta rataya ga hukuncin da ake yankewa daga nesa. An rufe iyakar Nijeriya da Nijar a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Yankin ciniki maras shinge na Maigatari da taƙaddamar filayen noman rake a Gagarawa duk suna buƙatar ɗan ƙasa mai iya tambayar wa zai amfana, kuma wace diyya doka ta tanada. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi ba za su yi aiki ba, muddin ba a samu mai tambayar kansila nawa aka turo da inda aka kashe ba.

4.0 Amsa ga Masu Suka

Wasu za su ce hadda gadonmu ce, ita ta tsare Alƙur'ani. Haka ne, amma magabata ba su tsaya nan ba: bayan sauka, ɗalibi yakan wuce makarantar zaure, inda ake fassara da warware mas'ala da neman dalili. Wasu kuma suna ganin tambaya rashin ladabi ce, alhali Bahaushe ne ya ce matambayi ba ya ɓata, kuma Malam Aminu Kano, wanda malamin makaranta ne, ya gina siyasar jam'iyyar NEPU kan koya wa talaka tambayar dalilin haraji da aikin tilas. Suka mafi ƙarfi ita ce cewa talauci ne ke sa sayar da ƙuri'a. Wannan gaskiya ne, sai dai mai auna abin da aka miƙa masa da asarar shekara huɗu ya fi wuyar saye.

5.0 Kammalawa

Gyara ya kamata ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda ake horar da malamai. A koya musu bayani da Hausa a azuzuwan farko, da shirya muhawara kan al'amuran garinsu, da ba da maki ga hujja. A riƙe hadda a matsayin tushe, a ɗora mata tambaya, domin daga waɗannan azuzuwa masu zaɓen yankin za su fito.